Naman Kazar Ƙyalesu

Litinin, 16 ga Oktoba, da hantsi

Kwana tara ke nan da mai karen ya koma Badarawa duba dawa. Ya ce kwana biyu zai yi. Ba zan rubuta abin da mutane ke faɗa ba, tunda babu wanda ya gani da idonsa.

Wannan littafin ragowar na shirya darasi ne, na tsinto shi a ƙasan akwati. Shekara talatin da ɗaya ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu a firamaren Badarawa, yau ga ni a ɗakin baya na gidan ƙanena Zakariyya a Kaura Namoda, ina rubuta labarin kare. Tun damina muka baro gida, mu da rabin garin.

Sunansa Ƙyalesu. Tun ranar da mijina ya sa ƙafa waje bai daina kuka ba. Ba haushi ba, kuka, dogo mai shiga ƙashi. Ya ƙi tuwo, ya ƙi ƙanzo. Ya tona rami a gindin ƙofar zaure har faratansa sun yi jini, dole muka ɗaure shi a jikin dalbejiya. Allah ya sani ni ban taɓa son karen nan ba. Shekara shida ina korarsa daga bakin murhu da muciya.

Talata, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Zakariyya ya shigo ya zauna a bakin tabarma yana ta sosa ƙeya. Tun yana yaro haka yake yi in ya fasa wani abu.

"Yaya, maƙwabta sun yi min magana. Har liman yac ce a gaya miki. Sun ce kukan karen ga ba alheri ba ne."

"Mi sunka ce yana nuhi?"

"Kin dai san abin da mutane ka cewa."

Na sani. Shi ma ba zan rubuta ba.

"Na roƙe su har goma ga watan gobe, ran Jumma'a," ya ce. "In bai bari ba, masu sayen karnuka na zuwa bakin tasha. Ki yi haƙuri, Yaya, unguwa ba tawa ce ni ɗai ba."

Kowa ya san inda masu sayen karnuka ke kai su. Na ce masa, "In Sodangi yad dawo yat tambaye ni karenai, kai za ka amsa?" Rabona da furta sunan mijina a gaban mutum har na manta. Zakariyya ya tashi ya fita. Yaron da na goya, wai shi ne mai ba ni wa'adi.

Laraba, 18 ga Oktoba, azahar

Shiru. Ban da Ƙyalesu.

Alhamis, 19 ga Oktoba, da yamma

Autata Sa'ida ta kira daga Kaduna. A gidan nan wuri ɗaya sabis ke kamawa, kusurwar katanga kusa da tulin itace, sai na tsaya a kan turmi. Ta ji kukan ta cikin waya, ta tambaya, na gaya mata komai.

"Inna, ai ciwo ne. Turawa har suna sunka ba shi, ciwon rabuwa da mai shi. Kwanan nan nig ga wani abu a waya, wai wasu na gwada ba karnukansu naman kaza, ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar gero ba, kowace sahiya. Wai yana sa..."

Sai waya ta mutu. Na kira ya fi sau goma, ko shiga ba ta yi.

Na zauna ina juya maganar. Bature dai ba ya rasa abin faɗa. To amma shi ya yi allurar da ta kori ƙyanda daga ajina, kuma ita ma ɗigo ɗaya ce. Kaji uku na taho da su daga gida a cikin akurki. Shaho ya ɗauki ɗaya, ɗaya muka yi wa baƙi. Saura wake-waken nan, wadda na ce ba mai taɓa ta sai ranar da aka yi sallama a zaure da muryar da na sani.

Juma'a, 20 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Na miƙa wa Zakariyya kazar da wuƙa. Fuskarsa ta washe.

"Yaya, an ji labari ne?"

"Yanka kawai."

Na soya ta ƙayau yadda ba za ta lalace ba, na zuba a ƙaramar langa na rufe. Ko romon ban ɗanɗana ba, na ba yara. Da reza na yanko abin da bai kai ƙwayar gero ba, na sa a sakaina, na tura masa da kara daga nesa. Bai ma gan shi ba. Tururuwa ta zo ta yi gaba da maganin Turawa.

Na sake yankowa. Wannan karon dole na matsa kusa, na zauna a kan kujera 'yar tsugunno ina gadin sakaina. Ya fi awa guda kafin ya juyo daga kallon ƙofa ya lashe. Da ya lashe ya dube ni kamar yana cewa shi ke nan? Na ce, "Shi ke nan. Haka likita yac ce."

Lahadi, 22 ga Oktoba, da hantsi

Kwana na uku. Kuka yana nan.

Tunda zaman dole ne, sai na riƙa yi masa hira. Na ba shi labarin yadda ya zo gidanmu, don na tabbata ya manta. A aljihun babbar riga aka kawo shi, daga wata ruga a bayan Zurmi. Mai karen yana da aboki a can, duk kaka yakan kai masa gero a kan babur, ya kwana, ya dawo da man shanu a kwalba da kindirmo a ƙwarya an rufe da faifai. A lokacin mutum zai bi hanyar nan shi kaɗai, abin tsoronsa bai wuce faci ba. Ranar ya shigo yana murmushi, aljihunsa yana motsi. Na ce in dai abin da nake zato ne, ko ni ko shi. Ya ciro shi ya ajiye a tsakar gida ya ce, "Ƙyale su." Da ni yake, da maƙwabtan da za su ce mijin malama guda yana kiwon kare. Sunan ya bi shi.

Da ya girma shi ke gadin gona daga birai. In sun dawo da yamma, kare a gaba, mai shi a baya da fartanya a kafaɗa, kafin su ƙaraso na ɗora ruwan wanka. Da kare nake gane lokaci, ban taɓa gode masa ba.

Ban san inda abokin nan na ruga yake yanzu ba. Ba a tambaya.

Talata, 24 ga Oktoba, da safe

Nabila matar Zakariyya ta kama ni da reza a hannu. Da na yi mata bayani sai da ta riƙe ciki.

"Yaya Tani, kaza guda sukutum! Ga kare! Kuma da reza!"

"Magani ne, ba walima ba."

Yarinyar kirki ce, bakinta ne ba ya da ƙofa. Da ta gama dariyar ta sassauta murya ta ce wata tsohuwa a layinsu ta ce a daka 'ya'yan zaƙami a sa masa a fura, zai manta da kowa da komai, ya kwanta. Na ce Allah ya kiyaye. Na ga aikin zaƙami da idona. Akwai wani a Badarawa da abokai suka zuba masa a kunu wajen biki, kwana biyu yana durƙusa wa rumbu yana gaishe shi da surukuta, daga ƙarshe sai a kan amalanke aka kai shi asibitin Shinkafi. Mutum ke nan mai ƙarfi, ina ga karen da haƙarƙarinsa duk a waje. Kuma ni ban ce ina so ya manta ba. Cewa na yi ya yi shiru.

Alhamis, 26 ga Oktoba, la'asar

Wani ya zo da magana, wani ya zo da kishiyarta. Duka na ba su ruwa.

Asabar, 28 ga Oktoba, da hantsi

Yau ya ci tuwo. Bayan ya lashe maganinsa na tura masa ragowar na jiya, ya shinshina, ya cinye tas har yana tura kwanon da hanci. Na ji daɗi ƙwarai, ban ɓoye ba, har guɗa ta kusa kuɓuce mini.

Na ba shi labarin jirgi. Daga inda nake zaune ana hango rufin tsohuwar tasha. Shekarar aurenmu mai karen ya kawo ni Kaura don kawai in ga jirgin ƙasa, ni da ban taɓa wuce Katuru ba. Muka shiga har Gusau. Ya sayi rake ya fere mini da wuƙarsa, yana yanka gunduwa-gunduwa yana ajiye mini a kan gwiwa, shi yana kallon taga wai kada mutane su ce yana kallon matarsa. Da jirgin ya yi ƙara na damƙe hannun rigarsa, shekara da shekaru yana tsokanata da wannan. Yanzu awaki ke kwana a kan dogon.

Ƙyalesu ya ɗora haɓa a ƙasa yana saurare. Ya fi 'yan aji huɗu natsuwa, gaskiya.

Kukan ya ragu. Jiya sau uku na ƙirga.

Litinin, 30 ga Oktoba, da yamma

Sabis ya dawo. Na hau turmi na kira Sa'ida don in yi mata albishir. Na ce maganin Turawanta ya yi aiki, kuma har yanzu ko cinya guda ba ta ƙare ba.

"Cinyar mi, Inna?"

"Cinyar kazar mana."

Sai na ji wani sauti kamar ana shaƙe ta.

"Inna! Wace kaza kinka yanka? Naman kaza na ƙasa nika nuhi! Laimar kwaɗi, wagga da ka tsirowa ga juji da damina! Wata iri ce tasu ta can, mai sa mutum gane-gane. Kuma labari nib ba ki, ban ce ki yi ba. Su kansu likitocin ba su gama yarda da shi ba. Don Allah kar ki tsinko komi ki ba shi, sai ki kashe shi."

Ni Tani, wadda ta koyar da kalmomi masu ma'ana biyu shekara talatin da ɗaya, na ci bulala da hannuna. Kunya ta rufe ni a kan turmi. Ita kuwa ta yi ta dariya, ta yi ta dariya, har dariyar ta juye. Da ta ja hanci ta ce, "Wake-waken ce?" Na ce ita ce. Ta san don me aka ajiye ta. Muka yi sallama, na sauko.

Ban gaya wa Nabila ba. In ta ji, har Shinkafi sai an ji.

Talata, 31 ga Oktoba, da safe

Na ba shi duk da haka. Shi bai san an yi kuskure ba.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, bayan magariba

Na je Shinkafi na dawo. Jiya aka aiko cewa Umar maƙwabcinmu ya fito daga daji, yana gidan 'yarsa. Tare da mai karen suka tafi duba dawa. Zakariyya ya ce in bari shi ya je, na ce da kunnena zan ji. Muka bi ayarin motocin kasuwa. Dawa ta nuna a dama da hagu, ta sunkuyar da kai, babu mai yanka.

Da ban ji muryarsa ba da ban gane Umar ba. Ƙafafunsa a cikin roba da ruwan ɗumi. Na gaishe shi, na yi masa barka, na zauna. Ban tambaya ba, shi ya fara.

"Malama, ga bakin gulbi anka raba mu kashi biyu. Yau kwana goma sha ɗaya. Ranar da ƙahwatai shika tahiya, wannan na gani da idona. Abin da ban gani ba ba ni hwaɗi."

"Ya ci abinci?"

"Abin da munka ci shi yac ci."

Na miƙe zan tafi, ya ce in dakata, akwai saƙo. Na gyara mayafi na koma na zauna.

"Yac ce in na riga shi hita, in ce miki ki kwance karen ga. Yac ce ya san ki, kin ɗaure shi. Ƙyalesu bai son igiya."

Shekara talatin da takwas da aure, saƙon da aka aiko mini ke nan. A mota na yi fushi har Kaura. Sai da na sauka na gane, mutumin da ya san na ɗaure kare ba tare da ya gani ba, ai ni yake tunani.

Juma'a, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Na kwance shi. Wuyansa duk ya saɓule inda igiya ta ci.

Nabila ta ce jiya tun da na fita yake kuka har na dawo, irin na farkon nan sak. Zakariyya ya ce maƙwabta sun sake magana, saura mako guda. Na ce ba inda zan sake zuwa.

Da na kwance shi na ɗauka ƙofa zai nufa. Ya je ya shinshina ramin da ya tona, ya dawo ya kwanta a bakin ɗakina.

Litinin, 6 ga Nuwamba, azahar

Naman ya fara wari, na zubar. Da safe na ɗauko sakaina ba komai a ciki, na zauna kamar kullum. Ya lashe ta haka nan, ya kwanta. Ashe zaman yake so.

Kwana uku ba kuka.

Laraba, 8 ga Nuwamba, bayan la'asar

Kwana biyar. Ya kamata in yi murna.

Ɗazu aka yi sallama a zaure, muryar namiji, mai kauri. Na zubar da tsintsiya na fito ba takalmi. Mai kawo itace ne. Da na juyo, Ƙyalesu yana kwance ya ba ƙofa baya, ko kunne bai ɗaga ba. Raina ya ɓaci sosai. Na tsaya a kansa na ce, "Kai, butulu! Wa yac ciro ka daga aljihu?" Ya kaɗa mini wutsiya.

Duk makonnin nan ashe shi ke yi mini abin da ni ba zan iya yi a gidan mutane ba. Ni ina shara, ina gaishe da baƙi, ina cewa sai addu'a, shi yana faɗin gaskiya a gindin dalbejiya. Da hannuna na rufe masa baki.

Akwai wani saƙon murya na mai karen a wayata, na ranar da ya isa Badarawa. Sa'ida ce ta koya masa aikawa. Sau ɗaya na saurara, ranar da ya shigo, ina tuƙa tuwo, ban ma kula ba. Tun daga nan ban iya buɗe shi ba. Yau na ciro wayar, na ƙure ƙara, na tsaya a kan karen nan da yatsana a kan madanni. Ina so in ga ya zabura. Ina so ya tona ƙofa ya yi kuka unguwa duka ta ji, in san ba ni kaɗai ba ce.

Jibi Juma'a. Na mayar da wayar cikin zane.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, da yamma

Zakariyya ya dawo masallaci da fara'a, ya ce liman da kansa ya tambaya ko an riga an sayar da karen, don sun daina jin sa.

"Shi ke nan, Yaya, ya zamna. Wallahi dama ban so ba."

Har ya tsaya ya ce wa Ƙyalesu sannu, daga nesa. Nabila ta ce, "Alhamdu lillahi, ya mance." Da zuciya ɗaya ta faɗa. Na ce mata miya na ƙuna, ta ruga.

Na cika amana. In an tambaye ni kare, ga kare, ya yi ƙiba, ba igiya.

Asabar, 11 ga Nuwamba, da hantsi

Na yi zamana da shi kamar kullum. Da barci ya ɗauke shi na shiga ɗaki, na tura ƙyaure, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Na rage ƙarar waya har ƙarshe na manna ta a kunne, na rufa da filo. Kunnen kare ba irin namu ba ne, kuma ba zan sake ɗaga masa hankali ba.

Saƙon minti ɗaya ne da rabi. Ba zan iya shanye shi lokaci guda ba, na san kaina. Na danna.

Iska tana kaɗa karan dawa. Ya yi gyaran murya, irin na wanda bai yarda da waya ba.

"Malama, kina ji na?"

Na tsayar a nan. Na yau ya isa, gobe in ƙara kaɗan.

Na leƙa ta taga, Ƙyalesu bai motsa ba. Sai na ce a hankali, yadda ba zai farka ba, "Ina ji."